Ba Gajiya, Yaya

Aikin da na fara a Deira, cikin Dubai, shi ne rubuta sunayen mutane a jikin kwali. Wani ofishin kago ne a bayan kasuwar Murshid Bazar, hawa na biyu, inda na'urar sanyaya ɗaki ke tari dare da rana amma ta ƙi mutuwa. Alhazai da hajiyoyin Kano su shigo da kayansu, takalma, turare, mayafai, kwanukan tangaran, ni kuma in auna, in naɗe da salatif, in rubuta da baƙar maka: Hajiya wance, Kano. Da digirina fa. Ban damu ba. Na zo a 2016 ina da shekara ashirin da bakwai, kuma abin da na zo nema ba digiri ne zai ba ni shi ba. Wuri nake nema inda ba wanda ya san gidanmu.

To kun ji wautata ta farko. Mai neman inda ba a san gidansu ba ai ba Deira zai zo ba. Satina biyu da zuwa wata Hajiya Turai, babbar 'yar kasuwa daga unguwarmu ta Fagge, ta ƙare min kallo ta ce, "Ke ba Bilkisun Inna mai atamfa ba ce? Ai na sha kunun sunanki." Na durƙusa na gaishe ta.

Wanda ya karɓe ni a ofis shi ne Yaya Auwal. Shi ne mandub ɗin kamfanin, wato mai yawon takardu. Biza, katin zama, gwajin asibiti, duk ta hannunsa suke bi. Ɗan Kano ne, ya ba ni kamar shekara goma, iyalinsa suna gida. Ran da na fara aiki ya ce, "Daga yau ke ƙanwata ce. Duk abin da ya dame ki ni za ki fara gaya wa." Kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi. Shi ya samo min ɗaki, shi ya koya min hawa jirgin ƙasa na cikin gari. In zai je Kano sai ya karɓi saƙona ya kai wa Inna har gida, ya zauna a tabarma, ta dama masa fura. Inna ba ta ma kiran sunansa, sai dai "ɗan albarkan nan". Tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai ta riƙe mu da dillancin atamfa, kuma ba ta yabon mutum da arha.

Kullum da safe in ya shigo sai ya ce, "Ƙanwata Bilki, ina gajiya?" Ni kuma in ce, "Ba gajiya, Yaya." Ban taɓa tsayawa na saurari kalmomin ba. Wa ke sauraron gaisuwa?

Ɗakin da ya samo min ba ɗaki ba ne, falo ne aka yanka gida huɗu da katako. A yankina na tarar da Salma, 'yar Zariya, mai sayar da turare a wani babban kanti. Bazawara ce, ga dariya mai ƙarfi, ga ta ba ta taɓa dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Cikin wata shida na so ta, ta so ni, irin son da a gida ake kira maɗigo ana tofar da yawu. Ba na son kalmar, amma ba ni da wata da za ku gane. Kafin ita na taɓa son namiji, son gaske, har an kusa sa rana abin ya watse. Ban ƙi maza ba. Haka dai na tashi na samu zuciyata.

Rufin asirinmu kalma ɗaya ce: ƙawa. Bahaushiya ta kwana ɗaki ɗaya da ƙawarta, su yi anko, su ci a kwano ɗaya, ba mai ɗaga gira. Hajiya Turai har Hassana da Usaina take ce mana. Sai dai katakon nan bai kai rufi ba. Ka yi tari, maƙwabta sun ji. Shekara guda cur da raɗa muke hira. In kuma mun fita, Deira ce, duk kwanar da ka karya da wanda ya san kakarka.

Salma ce ta gano inda babu Bahaushe: manyan otel na can gefen teku, ɓangaren da ake shan giya. Alhaji mai kago ba zai shiga ba, in ma ya shiga ba zai ce ya gan ka ba. A nan ne kawai za mu zauna kafaɗa da kafaɗa mu yi magana da muryarmu ta ainihi. Amma ba a zama irin wurin nan hannu wofi. Na fara da lemo. Daga baya na ɗanɗana na Salma, daga ɗanɗano na koma karɓar nawa. Wallahi ban taɓa jin daɗinta a baki ba. Abin da nake so shi ne yadda take kashe min kunnen nan da kullum yake a miƙe yana sauraron ko wani na zuwa. Ban ce na yi daidai ba. Ina dai gaya muku yadda aka yi: wuri ɗaya tak da muke iya sakewa a duk garin, shi ne wurin da ake zuba giya.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu. Otel-otel ɗin kan yi wani cin rana daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, ka biya a ƙofa ka ci ka sha iya cikinka. Salma ta raɗa masa suna walima. A ƙofar ake ɗaura maka wani madaurin takarda a wuyan hannu. Kore na masu lemo ne, ja na masu giya.

Wata Juma'a cikin 2018 muna zaune a jikin wani bango na madubi, ina sanye da rigar atamfar da Inna ta aiko min ta ƙaramar sallah, kan Salma a kafaɗata, kowacce da jan madauri, sai na ji an ce, "Ƙanwata!" Na ɗago kai. Yaya Auwal ne, da farar shadda da hula, ƙamshin turaren masallaci bai ma bar jikinsa ba, koren madauri a hannunsa. Wai wasu baƙin kamfani ya kawo.

Ya ga yadda muka daskare sai ya kwashe da dariya. "Haba, ku saki jikinku mana. Dubai muke. Kowa da tasa." Ya ciro waya. "Ku matso in ɗauke ku, a ajiye tarihi."

Muka matso. Har murmushi muka yi! Wannan murmushin har yau yana ci min rai.

Bai gaya wa kowa ba. Sai ma ya zama ɗan rakiyarmu, duk Juma'a daga masallaci ya biyo ya ɗauke mu. Ni har daɗi na ji, don karo na farko ke nan wani ɗan gida ya sani bai tofar da yawu ba. Na saki baki, har labarin tsohon saurayina na ba shi. Ya ce, "Au, ashe kina yin maza ma? To ai ke naki da sauƙi, mai warkewa ne." Ya yi dariya, na yi dariya. Na ɗauka tsokana ce irin ta wa da ƙanwa.

Juma'a ta biyar, wajen biyu da rabi, aka kira Salma daga kanti, wai wata ba ta zo aiki ba. Ta rataya jaka ta ce, "Yaya, ga amana nan. In an tashi ka sa ta a tasi."

Ya ce, "Na karɓa. Je ki abinki."

Kofi biyu na sha kafin ta tafi. Na uku shi ya tashi ya karɓo min da hannunsa. Ban sani ba ko an sa wani abu a ciki, ko ukun ne kawai suka fi ƙarfina. Na yi shekara ina juya wannan tambayar, sai ka ce amsar za ta canza wanda ya aikata. Na tuna mun shiga lif. Na tuna bai tsaya wajen masu karɓar baƙi ba, katin ɗaki yana aljihunsa tun kafin mu zo. Na tuna ina cewa, "Yaya, ka bari. Yaya, don Allah ka bari." Na faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma har a lokacin Yaya nake ce masa. Ya yi min fyaɗe da rana tsaka, haske yana shigowa ta labule.

Da na dawo hayyacina la'asar ta yi sakaliya, ba ya nan. Mai gyaran ɗaki ce ta same ni a ƙasan banɗaki, wata baƙar mace 'yar Uganda. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ba ni ruwa, ta nemo mayafina a bayan gado, ta ɗaura min ɗankwali duk da ba ta iya ɗaurin ba. Sai ta ciro ɗan almakashi ta datse jan madaurin ta cusa a aljihunta. Ta ce min da Turanci kada in fita da wannan a hannuna. Ta bi da ni ta lif ɗin ma'aikata, ta tare min tasi irin wadda mata ke tuƙawa. Sunanta yana rubuce a ƙirjinta, amma idona bai karanta ba. Har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan.

Sai a mota na gane dalilin almakashin. A lokacin shan giya ba lasisi laifi ne, ni Musulma kuwa ina zan samu lasisi? Keɓewa da namijin da ba mijinka ba laifi ne. Ni da Salma laifi ne. Duk mun sha jin labarin matan da suka je kai ƙara aka riƙe su. Ko duka gaskiya ne ko da ƙari, ban sani ba, kuma ba ni da ƙarfin gwadawa da kaina. In na je za a ɗebi jinina, a karɓi wayata. A cikin wayata kuwa akwai Salma daga farko har ƙarshe.

Washegari na shiga wani kantin magani nesa da unguwarmu na nemi ƙwayar nan da ake sha bayan abu ya faru. Matar, Ba'indiya ce, ta ce ba a sayar da ita a nan. Ta dube ni ta sake dubana, sai ta turo min kujera ta ce in zauna in huta. Na zauna ina kallon kwalaben man shafawa na ɗan lokaci, sannan na tashi na tafi.

Ranar Lahadi aka koma aiki. Ina tsugune ina naɗe kwali, hajiyoyi biyu suna zaune suna jira, ya shigo da sallamarsa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo.

"Ƙanwata, ina gajiya? Ina gajiyar Juma'a?"

Kun san abin da na ce? Na ce, "Ba gajiya, Yaya."

Bakina ne ya faɗa, bai yi shawara da ni ba. Tun ina koyon magana aka horar da shi a kan haka. Ko gawa ka ɗauko daga asibiti aka ce ina gajiya, ba gajiya za ka ce. Ya yi murmushi ya wuce ciki, kuma daga ni har shi mun san an gama magana.

Da azahar ya tare ni a matakala ya nuna min hoton. "Kin ga kyan da kuka yi? Inna za ta so ta ga ƙawar taki." Ya mayar da wayar aljihu. "Ni taimakonki na yi, Bilki. Wata rana za ki gode min."

Sai da na kwana biyar sannan na gaya wa Salma, da raɗa, saboda katako. Sai ta ce, "Kofi nawa kika sha bayan na tafi?"

Nan take ta gane abin da ta faɗa. Ta kama ƙafafuna tana kuka ba sauti, tana cewa ita ce ta miƙa ni da bakinta, ita ce ta ce ga amana. Na yarda ba da mugunta ta tambaya ba. Amma magana ta riga ta fita. Muka ci gaba da zama tare, tana lallaɓa ni, ni kuma ko hannunta ya taɓa ni sai jikina ya ƙame. Muka daina zuwa walima, amma ban daina sha ba. Sai ma na ƙara, ina zuba ta a robar ruwa ina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Wata rana muka yi faɗa a kan robar nan, ranta ya ɓaci, ta ce, "Ke dama ai kina yin maza." Kalmominsa ne sak, a bakin da na fi so a duniya. Na juya na fuskanci katako.

Ƙarshen shekarar bizata ta zo sabuntawa. Dole sai an yi gwajin jini, in an samu wata cuta kuwa sai gida. Wa zai kai ni? Mandub mana, aikinsa ne. Na zauna a bayan motarsa, na zauna a layi, na miƙa hannu aka ɗebi jini, ina ta addu'ar kada a samu abin da shi ne kaɗai zai iya sa min. Da na fito ya miƙo min shayi a kofin takarda ya ce, "Kwantar da hankalinki, ni lafiyata ƙalau." Sakamako ya fito babu komai. Ya kawo min fasfo har tebur ya ce, "Mabruk, barka, ƙanwata. Wasu shekara biyun muna tare."

Kada ku ce ban yi yunƙurin tafiya ba. Na samu wani aiki a Dubai Investments Park, wata unguwar masana'antu, har sun ce in kawo takardar sallama. Takardar sallama kuma ta hannun wa za ta bi? Ya karanta wasiƙata ya ce, "Ashe barin mu za ki yi? Bari in kira Inna mu yi sallama, kada ta ji shiru." Na karɓi wasiƙar na yage. Komawa Kano kuma bai raba ni da shi ba, tunda hoton zai riga ni isa.

Da korona ta zo aka rufe kantin su Salma, aka soke bizarta, ta bi jirgin masu komawa gida. A ƙofar gini muka rabu, kowacce da takunkumi, ba runguma. Ta ce, "Bilki, ki yafe min tambayar nan." Na ce na yafe. Daga baya na ji ta koma gidan tsohon mijinta, ban kuma kira ta ba. Aka kulle gari, na zauna ni kaɗai a yankin katako. Kowa yana kukan kulle, ni kuwa ko a jikina, na riga na saba. Har murna na yi zan huta da gaisuwar safe. Ina! Kullum ƙarfe tara sai saƙon murya ya shigo: "Ƙanwata, ina gajiya?" Ni kuma in rubuta masa amsa. A kullen nan ne na daina sha, ba don na zama ta kirki ba, sai don babu inda zan samo ta, kuma da aka buɗe ban koma ba.

Daga baya aka ce an sassauta dokar giya. Ban ma bi ba'asi ba. Salma ta tsira, ba abin da zai iya yi mata. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, shi ne Inna. Ba duka nake tsoro ba, ba zagi ba. Tsorona in kira lambarta ta yi ta ƙara har ta katse, gobe ma haka, har ɗayanmu ya mutu. A kan wannan na ba shi amsar gaisuwa shekara uku.

Cikin 2021 aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, Fa'iza, 'yar Katsina. Ran da ta fara ina jin sa yana cewa, "Daga yau ke ƙanwata ce." Makar rubutu ta faɗi daga hannuna. Ban tambayi yarinyar komai ba, amma ina da ido. Na ga hoton wata a fuskar wayarta, na ga yadda take fita matakala ta rage murya in "ƙawarta" ta kira daga gida. Na gane. Na kuma ga shi ma ya gane.

Wata Laraba ta same ni a wajen ma'auni tana ta fara'a. "Anti Bilki, Yaya Auwal ya ce jibi zai kai ni wani cin rana a otel in ga gari. Me ake sawa a irin wurin?"

Na ce, "Duk abin da kika ga dama." Haka na ce, Allah shi ne shaida. Na koma ɗaki na kasa cin abinci. Na kira Inna muka yi hirar banza, tsadar gas, ciwon gwiwarta, wani sabon zanen atamfa da ya shigo kasuwa. Na bar ta ta yi ta magana don kawai in ji muryar, ban sani ba ko ita ce ta ƙarshe.

Alhamis da safe Hajiya Turai tana ofis da kwalayenta, Fa'iza tana tebur, ya shigo. Ya gaida Hajiya, ya tsokani Fa'iza, ya juyo.

"Ƙanwata Bilki, ina gajiya?"

Na ce, "Akwai gajiya."

Ofis ya yi tsit, sai tarin na'urar nan. Hajiya Turai ta ce, "Ke! Wace irin amsa ce wannan? Ai ba a cewa haka."

Na ce, "Hajiya, shekara uku ina cewa babu. Akwai." Ban tsaya nan ba. Na juya wajen Fa'iza. "Kada ki je gobe. Ni ma ya kai ni. Kofi na uku shi zai karɓo miki da hannunsa, kuma katin ɗaki yana aljihunsa tun safe. Fyaɗe ya yi min, Fa'iza."

Ya yi wata 'yar dariya. "Hajiya, kada ki biye mata. Mashayiya ce. Ki tambaye ta da wa take kwana shekara huɗu."

Hajiya Turai ta yi salati, ta dube shi, ta dube ni, ta ce a fitar mata da kwalayenta, wani kagon za ta. Ba ta bi bayana ba, ba ta bi bayansa ba. Shi kuwa ya ciro waya a gabana, ya yi magana a cikinta a hankali, ya danna, sannan ya juyo min da fuskarta in ga saƙo da hoton sun tafi wa Inna. Ya ce, "Khalas. An gama."

Fa'iza ba ta je ba. Ba ta kuma gode min ba, sai ma ta riƙa kauce min a matakala, tsoro ya cika ta. Ban ga laifinta ba. Mai kamfani ya ce ba ya son hayaniya a gaban masu kaya, sai ya mayar da ni ma'ajin kamfanin da ke can Dubai Investments Park, tafiyar awa da rabi a mota. Shi mandub yana nan a kujerarsa, ai shi ya san kan takardu.

Juma'a Inna ba ta kira ba. Asabar ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba, ba zan iya jin ƙarar nan tana katsewa ba. Ranar Lahadi da azahar ina cikin ma'ajin, zufa ta jiƙa min mayafi, wayata ta yi ƙara. Na durƙusa a tsakanin kwalaye kamar tana gabana.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya." Ina jin kajin gidanmu. "Na ga hoto. Na ji abin da ya faɗa."

Ta ci gaba da magana.

"Kwana uku ina kallonsa. Na ga abin da ke cikin kofi. Na ga yarinyar nan da kanta a kafaɗarki. Ban ce na yarda ba, Bilkisu, ban kuma ce na yafe ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba a waya za a yi ta ba."

Na ce, "To, Inna."

"Amma ni dillaliya ce. Atamfar jikinki ni na aiko miki, ta sallar shekara uku da ta wuce, yanzu ko a kasuwa babu ita. Kuma akwai madubi a bayanku. Na ga wanda ya ɗauki hoton, da shaddar da ya sha zama da ita a tabarmata. Shi me ya kai shi wurin? Kuma mutum ya riƙe hoton 'yar mutane shekara uku, yana zuwa yana shan furata bai ce uffan ba, sai yanzu? Me yake saye da shi duk tsawon lokacin nan?"

Na toshe bakina da mayafi. Ta ji ni duk da haka. Ta bar ni na yi kuka mai isata, sannan ta sauke murya, ta yi min irin gaisuwar da take yi min in na dawo daga makaranta.

"Bilkisu. Ina gajiya?"

Na buɗe baki, "ba" ɗin nan ta taho har leɓena, kamar kullum. Na haɗiye ta.

Na ce, "Inna, na gaji."

Ta ce, "To zauna ki gaya min. Tun daga farko."

Na jawo wani kwali da na rubuta Kano a jikinsa da safe, na zauna a kai, na fara.